Sana'ar gina shafin intanet: abin da ya kamata a sani kafin a biya kuɗin horo

Kwanakin nan akwai tambayar da ke ta dawo mana, galibi daga ƴan uwanmu masu bidar kuɗi a Abijan, Kwatano, Legas, Aljeriya da Libiya. Ƙane ya kira ya ce a aiko mishi kuɗi ya sayi kwamfuta, wadda muke ce wa odinatar, don ya shiga horon gina shafin intanet. Shi kuwa yayan bai san ko sana'a ce ta gaske ba, ko wata hanyar cin gumin shi ce. To ga bayani, don kowa ya san abin da zai sa kuɗinshi a ciki.

Mene ne shafin intanet?

Ku ɗauke shi tamkar shago. Shago yana son abu uku: adireshi, fili, da gini. Adireshin shi ne sunan da mutum zai rubuta a salula ya iso wurinka. Wasu suna ƙarewa da .com ko .org, na ƙasarmu Nijar da .ne, na Najeriya da .ng. Filin kuwa wuri ne da ake haya cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, ana kiran shi masauki. Ginin shi ne rubutu da hotuna da tsarin da baƙo zai gani. Suna da masauki duka haya ne, ana sabunta su, galibi shekara-shekara. Suna mai .com yakan kama dalar Amurka 10 zuwa 20 a shekara, wato wajen jaka 6 zuwa 12 na sefa.

Wani zai ce, ai muna da Facebook da WhatsApp. Gaskiya ne, kuma suna da amfani ƙwarai. Amma rumfa ce a kasuwar wani. Ran 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke wajen awa shida a duniya baki ɗaya, duk mai ciniki ta can ya zauna jugum. Haka in an rufe maka lamba ko an sace maka asusu, abokan cinikinka sun watse ke nan. Shafinka na kanka yana nan muddin kana biyan haya.

Da me ake ginin?

Wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya kawo wannan dabara a 1989, lokacin yana aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba. A 1991 aka buɗe shafi na farko ga jama'a. Har yau harsuna uku ne ginshiƙin aikin. HTML shi ne tubali: nan kanu, nan rubutu, nan hoto. CSS shi ne yaɓe da fenti: launi, girman baƙi, da yadda shafi zai zauna a fuskar salula. JavaScript kuwa shi ke sa abu ya motsa in an taɓa.

Ba dole ba ne a rubuta komai da hannu. Akwai manhajojin da ke ɗauke nauyin. Dreamweaver ta fito tun 1997, yanzu tana hannun kamfanin Adobe, kuma ta kuɗi ce. Wadda ta fi yaɗuwa a yau ita ce WordPress, wadda aka fara a 2003. Kyauta ce, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da ita aka yi su. Mutum ya zaɓi tsari da aka riga aka zana, ya sa rubutunshi da hotunanshi. Akwai kuma Wix da Google Sites da Blogger, inda za a iya farawa ba a biya ko dala ba. Sai dai a lura: Wix na kyauta yana liƙa tallarshi a shafinka, sunanshi yana cikin adireshinka, kuma ba ka iya kwashe ginin ka kai wani masauki. WordPress ana iya kwashe ta duka a sauya mata wuri.

Shawararmu ga mai koyo ita ce ya san HTML da CSS ko da kaɗan ne kafin ya hau manhaja. Direban da bai taɓa buɗe gaban mota ba, ranar da ta tsaya mishi tsakanin Madawa da Konni sai ya jira wani.

Yaya ake farawa?

Abin da da yawa ba su sani ba, darasin farko ba ya buƙatar intanet sam. Kowace kwamfuta mai Windows tana da Notepad. Ka rubuta layukanka, ka ajiye da suna mai ƙarewa da .html, ka buɗe da Chrome ko Firefox, ga shafinka ya fito. Ka canza kalma, ka sake dubawa. WordPress ma ana iya girka ta cikin kwamfuta da wata manhaja ta kyauta mai suna XAMPP, a yi ta gwaji ba tare da an ƙona mega ba.

Darussa kuwa, wanda ya yi lakwal da Faransanci zai samu a OpenClassrooms da kuma MDN na Mozilla. Mai jin Turancin Ingilishi ga W3Schools da freeCodeCamp. In rezo ya yi kyau, a sauke darasi a zuba a kile, a rarraba wa abokai. Ba sai sabuwar kwamfuta ba: ta hannu mai RAM giga 4 ta isa a fara. Abin dubawa shi ne batir, saboda kowa ya san halin kuran lokacin zafi. Salula tana taimakawa wajen karatu da gwada shafi, amma aikin kirki sai da kwamfuta.

Wanda ya ce zai mai da yaro gwani cikin sati guda, ku yi hattara da shi. Cikin sati guda ana iya haɗa shafi mai sauƙi, wannan gaskiya ne. Amma gyara in ya lalace, da tsare shi daga ɓarayin intanet, wannan sai an daɗe hannu na kan aiki.

Abin da ya shafe mu nan gida

Na farko, nauyin hoto. Hoton salula guda yakan kai mega 3 ko fiye. Ka jera goma a shafi, mutumin ƙauye mai rezo sanda guda zai gaji ya fita, ga megarshi ta ƙare. A rage kowane hoto ya dawo wajen kilo 100 zuwa 200 kafin a ɗora.

Na biyu, jama'armu da salula suke shiga. A gwada shafi a ƙaramar waya mai araha, ba a babbar fuskar kwamfuta kaɗai ba.

Na uku, baƙaƙen Hausa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. In ba a sa tsarin UTF-8 ba, ko aka zaɓi salon rubutun da bai san su ba, sai su fito kamar ƴan akwatuna. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, don ƙasa daban, kasa daban. Ku tuna mu nan Nijar ƴ muke rubutawa, ƴan uwanmu na Najeriya kuwa 'y.

Na huɗu, adireshi ya fara da https, alamar cewa abin da baƙo ya rubuta yana tafiya a rufe. Ana samun wannan kyauta ta Let's Encrypt, kuma masaukai da yawa suna haɗa shi cikin haya.

Na biyar, a sa wurin da mutum zai taɓa ya faɗa WhatsApp ɗin mai kaya kai tsaye, don a can ake ƙare ciniki da murya.

Inda ake yawan yin asara

Babban rami shi ne rajistar suna. Sau da yawa mai gini yakan yi ta da imel ɗinshi da lambarshi. Ran da aka ɓata, ko ya tafi bida, shekara ta cika ba a sabunta ba, shafi ya mutu, har wani ma yana iya saye sunan. Ƙungiya ta riga ta buga adireshin a buhuna da takardu, duk ya tashi a banza. Don haka suna da masauki su kasance da sunan mai shafi, kalmar sirri tana hannun mutum biyu amintattu, a rubuta ranar sabuntawa a littafin ƙungiya. A riƙa ajiye kwafin shafi a kile. A guji tsare-tsaren kuɗi da ake rabawa kyauta ta bayan fage, don sau da yawa da cuta a cikinsu.

Akwai ci a sana'ar?

Akwai, amma mu faɗi gaskiya, ba kowa ke buƙatar shafi ba. Mai shayi da mai tuyar ƙosai ba ruwansu. Masu buƙata su ne ƙungiyoyin manoma irin na albasar Galmi, masu kilishi, dukawan Damagaram, makarantu masu zaman kansu, otal-otal, ƙungiyoyin raya karkara da gidajen rediyo, wato duk wanda ke son na nesa ya gan shi ya yarda da shi. Kasuwar ba ta da faɗi tukuna, shi ya sa mai wayo ke haɗawa da zanen talla, ɗaukar hoton kaya, da kula da shafukan Facebook na ƴan kasuwa. Kuma kuɗin kula da shafi wata-wata ya fi na gini sau guda ɗorewa.

Ga ƴan uwa na ƙetare

Kafin ku aiko, ku ce yaro ya fara da abin da ke kyauta, ko a kwamfutar aro ko a sibar, ya turo muku hoton shafin da ya yi da hannunshi. Ku nemi adireshin shafukan da mai horon ya gina, ku buɗe da kanku, gani ya kori ji. Ku tambayi mutum nawa ke zama kan kwamfuta guda. Ku biya kashi-kashi, ba gaba ɗaya ba. Takardar shaida tana da kyau, amma mai ba da aiki shafi zai ce a nuna mishi. Kuma kada a bar ƴan mata baya, aiki ne da ake yi daga cikin gida.

Wanda ke da ƙarin tambaya ya aiko mana kamar yadda aka saba, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya sa albarka a neman kowa.