Yadda Turanci ke nuna an shiga wuri a lokacin da ya wuce

Ɗalibai da yawa a Jajimaji, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa, sukan yi tuntuɓe a nan idan suka zo rubuta insha'i a jarrabawar WAEC ko NECO.

A Hausa, wakilin suna ke nuna lokaci: ya shiga, ta shiga, sun shiga. A Turanci kuwa aikatau ne ke sauya kama. Wasu ana liƙa musu "-ed", kamar "walked" da "entered". Wasu sukan rikiɗe: "go" ya koma "went", "run" ya koma "ran".

Sai kuma batun shigar kanta. Bahaushe zai ce yaro ya shiga aji da gudu. Bature yakan ɗora gudun a kan aikatau, ya bar wa "into" aikin shigar: "The boy ran into the classroom." Idan aka sa "in" a wurin, ma'anar tana iya komawa yaron yana ciki ne yake guje-guje.

Amma "entered" ba ya buƙatar rakiya idan wuri aka shiga. "She entered the market" shi ne daidai. Haka ma "reached Nguru". Shi kuwa "arrived" sai da "in" ga gari, kamar "arrived in Gashua", da "at" ga tasha ko makaranta.

Kafin ɗalibi ya miƙa takardarsa, ya sake bin aikatau ɗaya bayan ɗaya, ya duba kalmar da ke biye da shi.