Motar Da Ta Ke Mutuwa A Hanya: Mai Ne, Ko Wuta, Ko Iska?

A nan arewacin Zamfara tsohuwar mota ita ce jakin talaka. Ita ta ke kai gero da albasa kasuwar Shinkafi ran Alhamis. Ita ta ke ɗauko taki daga Ƙaura Namoda. Ita kuma a kan nema da tsakar dare idan naƙuda ta yi wa mace tsanani a wani ƙauye na ƙasar Zurmi. Yawancin motocin nan sun ga jiya sun ga yau. Akwai Golf, akwai tsofaffin a-kori-kura, akwai kuma Peugeot 504 irin wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Wata ma ta girmi direbanta.

Ciwon da ya fi damunsu shi ne wannan: mota ta tashi, ta yi 'yar tafiya, ta mutu. Da can in haka ta faru sai a yi shimfiɗa a gindin itace a aika a kira bakanike. Yanzu kuwa kowa ya san halin da hanyoyinmu su ke ciki saboda 'yan bindiga. Ba mai so magariba ta same shi tsakanin Ƙaura da Shinkafi, ko a kan hanyar Zurmi zuwa Jibiya, da bonet a buɗe. Don haka ya kamata kowane direba da yaron motarsa su iya gano ciwon da kansu.

Abu uku ne abincin inji

Injin fetur yana bukatar mai, da wuta, da iska. In ɗaya ya yanke, inji ya tsaya. Kuskuren da mu ke yawan gani shi ne, da mota ta mutu sai a ɗauki sukudireba a faɗa wa kafireta da murɗe-murɗe. Sau da yawa ba laifinta ba ne, sai a ƙara wa motar sabon ciwo a kan na da. Kafin mu taɓa kome, mu tambayi kanmu: yaya ta mutu? Gama yadda ta mutu shi ne ya ke nuna inda ciwon ya ke.

In ta yi shessheƙa kafin ta mutu

Idan mota ta yi ta fizga, ƙarfinta yana raguwa, an taka totur ba ta amsa ba, sa'an nan ta mutu, to, mai ne ba ya isowa. Mu fara da abu mai sauƙi. Akwai mai a tanki? Kada mu amince da allurar tsohuwar mota.

Sai mu buɗe murfin tanki mu saurara. A tsofaffin motoci akwai 'yar ƙofa da iska ta ke shiga tanki. In ta toshe, famfo ba ya iya jawo mai. Idan muka ji tanki ya ja iska da ƙarfi, motar kuma ta tashi bayan an buɗe, mun kama ɓarawon.

In ba haka ba, a cire murfin matatar iska, a leƙa maƙogwaron kafireta, inji a kashe, wani ya taka totur. Ya kamata a ga mai ya yi tsartuwa. In bai yi ba, a duba matatar mai, watau filta. Wadda ta cika da tsatsa da laka sai a sake ta. Mota mai injekta kuwa, a murɗa makulli ba tare da an tayar ba, a kasa kunne wajen tanki. Famfo mai lafiya ya kan yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu ko uku. In shiru ne, a duba fis tukuna. Kada a zare tiyon mai na irin wannan mota a hanya, gama man yana da ƙarfin feshi.

Daga ina dattin ya ke zuwa? Inda gidan mai ya yi nisa, a jarka da galan mu ke sayen fetur a bakin hanya, wani da ruwa, wani da ƙasa. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuma, da yawa ba sa iya cika tanki. Tankin da ya ke zama kusan wofi ya kan yi gumi daga ciki, ya yi tsatsa. Gwajin ruwa ba wuya: a zuba man a farar kwalba a ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa, a gan shi sarai.

In ta mutu farat ɗaya

Motar da ta ɗauke kamar an kashe makulli, wuta ce ta yanke mata. Hanyoyinmu masu gargada su kan kwance waya. A fara da kan batir: in ya yi farin gari ko yana motsi, a kankare a ɗaure. A bi wayoyin kwayil da na fulogi, a danna kowace ta zauna.

Sa'an nan a gwada wuta. A cire fulogi guda, a mai da shi cikin wayarsa, a ɗora shi a jikin ƙarfen inji, wani ya yi sitata. Shuɗiyar wuta mai ƙara ita ce lafiya. Ja-ja mai rauni, ko babu sam, ita ce ciwo. A motoci masu kwantak, a duba bakinsa. In ya ƙone a goge shi, a daidaita tsakaninsa kamar milimita 0.4. Idan kuwa jar fitilar batir ta kama tun ana tafiya, a duba fambel, watakila caji ne ya tsaya.

In sai ta yi zafi ta ke mutuwa

Wata mota lafiya lau da safe, amma da rana ta take sai ta mutu, in ta huta rabin awa ta tashi. A bazara, sa'ad da zafi ya kan wuce digiri 40, fetur ya kan zama tururi cikin bututu, famfo kuwa ba ya tura tururi. A jiƙa tsumma a ɗora a kan famfon mai da bututun. In ta tashi, shi ne. In ba ta tashi ba, a taɓa kwayil. Wanda ya yi zafin da hannu ba ya iya jurewa ya kusa ƙarewa.

In sai an ɗaga ƙafa ta ke mutuwa

Motar da ta ke gudu sosai amma ta mutu a shingen bincike ko a cikin kasuwa, silo ne ya lalace. Ko 'yar ƙofar mai ta silo ta toshe, ko wani tiyo ya tsage inji yana shan iska ta ɓarauniyar hanya. A saurara, a kan ji shi yana tsaki. A nan ne kaɗai ya dace a taɓa kafireta.

In tana baƙin hayaƙi

Inji yana shan iska wajen kilo 15 a kan kowane kilo 1 na fetur. Da hunturu ƙura ta kan toshe matatar iska, mai ya yi yawa, fulogi su yi baƙi, mota ta shaƙe. A kakkaɓe matatar kowane mako. Amma kada a jefar da ita a yi tafiya haka, gama ƙura tana cin inji kamar yadda gara ta ke cin azara.

Gargaɗi

Idan allurar zafi ta hau ja, ko fitilar baƙin mai ta kama, kada a sake tayar da motar sai an san dalili. Kada a buɗe lagireto da zafi. Kada a zuƙi fetur da baki. Kada a gwada wutar fulogi inda mai ya zube, kada kuma a haska da ashana ko a sha taba a wurin.

Kafin a tashi

Kowace mota ta riƙe filta guda sabuwa, da fulogi biyu, da fis, da fambel, da sufana, da filaya, da tocila, da galan na ruwa. In mai na jarka ne, a tace shi da tsumma mai tsabta. Inda ƙungiyar manoma ta ke da mota ta haɗin gwiwa, a sa mutum ɗaya ya riƙa duba ta kowace jajiberin kasuwa.

Motar da ta mutu sau biyu a cikin gari, kada a ce za ta gyaru a hanya. A kai ta gareji yau, a yi tafiyar gobe da sassafe. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.