Kafin A Sallama Gona, A Fara Yin Shela

Duk wanda ya saba buɗe jarida ya san akwai wasu shafuka can wajen ƙarshe waɗanda ba su ɗauke da labarin gwamna ko na ƙwallo, sai ƙananan sanarwa a jere. Wannan ya canja suna, wancan takardar filinsa ta ɓace, wani yana sayar da injin niƙa, wani kuma yana gargaɗin jama'a kada kowa ya sayi fili kaza domin ana shari'a a kansa. Yawancinmu tsallake su muke yi. Amma cikin waɗannan 'yan layuka akwai darasi babba ga manomi, musamman a ƙasar Wonaka da maƙwabtanta na Tsafe da Bunguɗu, inda matsi ke sa mutane rabuwa da gonakinsu, sau da yawa kuma a ɓoye. Darasin shi ne, cinikin ƙasa ba na mutum biyu kaɗai ba ne. Gonar da aka sayar ba tare da shela ba, rigima aka shuka a cikinta, 'ya'ya da jikoki ne za su girbe.

Garin da ba shi da jarida

Wonaka tana cikin Ƙaramar Hukumar Gusau, a Jihar Zamfara wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato ran 1 ga Oktoba, 1996. Kamar su Mada da Ruwan Ɓore, ƙasa ce ta manoma, masu gero da dawa da masara da wake da gyaɗa da auduga. Ba ta da jaridar kanta. Ko a zamanin da jaridun Hausa suke tashe, daga nesa suke zuwa. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, a Zariya ake buga ta. Cikin shekarun 1950 hukumar NORLA ta fitar da ƙananan jaridu na larduna, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Zaruma kuwa ta Lardin Sakkwato, wanda Gusau take cikinsa a lokacin. Ba su daɗe ba, gama an rufe hukumar a 1959. Aminiya kuma da ta fito a 2006, jarida ce ta ƙasa baki ɗaya, ba ta ƙauye guda ba.

To, ashe mutumin Wonaka ba shi da shafin sanarwa ke nan? Yana da shi, sai dai ba a kan takarda yake ba. Akwai sanƙira da ke zaga gari da izinin mai gari yana faɗin abin da aka aike shi. Akwai ranar kasuwa, inda magana ɗaya kan kai ƙauyuka goma kafin rana ta faɗi. Akwai dillali, wanda ya san mai nema, ya san mai sayarwa, ya karɓi la'adarsa. Akwai filin sanarwa da cigiya a rediyo, tun daga Rediyon Kaduna da Rima ta Sakkwato har zuwa gidajen rediyon Gusau. Akwai sanarwar da ake yi a masallaci bayan salla, da wadda sakatare ke karantawa a majami'a bayan sujada. Yanzu ga waya ta shigo, ana tura hoton gona ta WhatsApp ko Facebook. Hanyoyin suna da yawa. Abin da ya ragu shi ne niyyar amfani da su.

Yadda iyayenmu suka yi ciniki

Sayar da gona ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a 1967, ta kuma buga littafinta a 1972. Ta tarar cinikin gona abu ne da aka saba, kuma galibi wanda talauci ya matsa ne ke sayar wa wanda ya fi shi ƙarfi. Amma al'ada ta kewaye cinikin da shinge. Mai niyyar sayarwa yakan fara tuntuɓar 'yan'uwansa, in babu mai iya saye a cikinsu sai maƙwabtan iyaka, daga nan a kai magana wurin mai unguwa ko dagaci. A fita da dattawa a taka iyaka, a nuna kuka ko gawo ko layin gamba da ya raba wannan gona da waccan. A yi tayi, mai gona ya ce albarka, a ƙara, har ya sallama a gaban shaidu.

Iyayenmu kuma ba su haɗa kalmomi. Aro daban, haya daban, jingina daban, sayarwa daban. Jingina ita ce mai gona ya karɓi kuɗi, mai kuɗi ya riƙa noma gonar har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa, ko da shekara nawa za a yi. Rigingimu da dama daga nan suke tashi. Uba ya jinginar, ya rasu, wanda ya karɓa ma ya rasu, 'ya'yan wannan su ce saye ne, 'ya'yan wancan su ce jingina ce. In an yi abin a fili, akwai tsohon da zai tashi ya faɗi gaskiya. In a zaure aka ƙulla da dare, sai dai rantsuwa da zirga-zirgar kotu.

Haka ma itatuwa. A wurare da yawa ɗorawa ko tsamiya ko kuka da ke cikin gona takan zama ta wani dabam, ba ta mai noman ba. In ba a faɗi matsayinta ranar ciniki ba, ranar ɗiban kalwa za a ji hayaniya. A shari'ar Musulunci kuma, wadda kotunan jihar ke bi a sha'anin gadon maƙwabtanmu Musulmi, akwai haƙƙin shuf'a, wato in gona ta tarayya ce ba a raba ba, ɗaya ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da iko ya biya kuɗin ya karɓa. Mai saye da bai yi tambaya ba, yana iya wayar gari ba gona a hannunsa.

Abin da doka ta ce

Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa a zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana domin jama'a. Abin da manomi ya mallaka shi ne haƙƙin zama da amfani. A karkara, ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da wannan haƙƙi na gargajiya, har zuwa hekta 500 domin noma, ko hekta 5,000 domin kiwo. Abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna. Sashe na 21 na dokar ya hana a sayar ko a jinginar ko a miƙa irin wannan haƙƙi ga wani ba tare da amincewar ƙaramar hukuma ba. Tsarin Mulki na 1999 kuma ya ba dokar kariya, ba a iya taɓa ta sai ta hanyar da ake gyara shi kansa tsarin mulkin.

Ma'anar wannan ga mai saye a Wonaka ita ce, hannun dagaci da na hakimi a kan takarda abu ne mai nauyi, amma tafiyar ba ta ƙare ba sai an kai ga sashen filaye na ƙaramar hukuma a Gusau. Na Tsafe da na Bunguɗu kowa ya nufi tasa sakatariya. Kuɗin mota da na takarda da mutum ke ƙyashin biya yau, bai kai na zaman kotu biyu ba.

Me ya sa maganar ta zama ta gaggawa

Tun wajen 2011 Zamfara take fama da 'yan bindiga. Kowa a wannan yanki ya san abin da ya biyo baya: satar shanu, sace mutane domin kuɗin fansa, harajin da ake ɗora wa ƙauyuka kafin su yi shuka ko girbi, da iyalan da suka watse zuwa Gusau da Tsafe da Funtuwa da Zariya. A Satumban 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Wato manyan hanyoyi biyu na isar da sanarwa sun toshe a lokaci guda.

Wanda aka sace masa ɗa, aka ba shi kwana kaɗan ya kawo kuɗi, ba ya jiran ranar kasuwa, ba ya neman tayi na biyu. Duk abin da aka miƙa masa karɓa yake yi. Shaidun da za su taka iyaka kuwa, wani ya yi hijira, wani ya rasu. Gonar da aka yi shekara uku ba a noma ba, iyakarta ta ɓace cikin ciyawa. A nan ne mai mugun nufi ke samun ƙofa. Ƙane ya sayar da gonar gandu ba da sanin yayyensa da ke gudun hijira ba. A sayar da rabon gwauruwa da marayu tana can garin iyayenta. A sayar da gona ɗaya ga mutum biyu, kowa da takardarsa. Ranar da zaman lafiya ya dawo, muna kuwa roƙon Allah ya dawo da shi, mutane za su koma gida su tarar da baƙi a gonakin iyayensu. Idan ba mu yi hattara yanzu ba, muna fita daga wata fitina za mu faɗa wata.

Amma shela ba ta da haɗari?

Wani zai ce, a zamanin da masu kai rahoto ga 'yan daji suke cikin gari, wa zai hau rediyo ya ce ya sayar da gona, ga kuɗi a ɗakinsa? Wannan magana gaskiya ce, ba ma raina ta. Wani kuma kunya ce ke hana shi, kada a ce gidan wane ya karye. Amsar ita ce a bambanta abin da ake shelantawa da abin da ake rufewa. Ba dole a faɗi farashi ba, ba dole a faɗi ranar biya ba, kuma gara kuɗin su bi ta banki da a ɗauko su cikin buhu. Abin da ba shi da halin ɓoyewa shi ne cewa gona kaza za ta canja hannu. Waɗanda kuwa dole su ji su ne dukan magada, maza da mata, na gida da na nesa, sai maƙwabtan iyaka ta kusurwa huɗu, sai mai unguwa da dagaci. Wannan ba taron kasuwa ba ne, amma ya isa shela.

Abin da sanarwa da takarda za su ƙunsa

In za a rubuta, ko sakataren ikilisiya ne, ko malamin makaranta, ko magatakardan dagaci, a tabbata waɗannan sun shiga. Sunan wurin da gonar take, da ko tudu ce ko fadama. Girmanta, da awo na gaske, ba da ido ba. Eka ɗaya kusan yadi 70 ne tsawo, yadi 70 faɗi, hekta ɗaya kuma kusan eka biyu da rabi. Sunayen maƙwabta gabas da yamma, kudu da arewa, da burtali ko hanyar ruwa in akwai. Yadda mai sayarwa ya sami gonar, gado ne ko saye ko kyauta, in gado ne kuma ko an riga an raba. Irin cinikin, a rubuta ɓaro-ɓaro, sayarwa ce ko jingina ko haya, in haya ce ta damina nawa. Matsayin itatuwa da rijiya da amfanin da ke tsaye. Sai wa'adi, ko da mako biyu ne, domin mai ƙorafi ya fito kafin a biya cikon kuɗi. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa da Hausa a gaban shaidu kafin ya dangwala yatsa. A sa matasa cikin shaidu, kada a tara tsofaffi kaɗai, gama takarda takan fi mai shaida tsawon rai. A yi kofe uku, a kuma ɗauki hotonta da waya a aika wa ɗan'uwa a wani gari, domin mun ga yadda wuta ke cinye ƙauye da takardunsa cikin dare ɗaya.

Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna wannan tsari ba sabo ba ne. A Irmiya sura 32, annabin ya sayi gonar Hanamel ɗan baffansa a Anatot a kan shekel 17 na azurfa, a daidai lokacin da sojojin Babila suka kewaye Urushalima. Ya auna kuɗin a gaban shaidu, aka yi takarda biyu, ɗaya a liƙe ɗaya a buɗe, ya ba Baruk ya ajiye cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Ana cikin yaƙi, amma bai tsallake ko mataki ɗaya ba, domin ya san akwai ranar komowa gida.

Ga mai saye kuma muna da kalma ɗaya. Sayen gonar wanda ke cikin ƙunci ba laifi ba ne, wani lokaci ma ceto ne. Amma in ka ga mutum wuya ta kai masa wuƙa, ka tambaye shi ko jingina za ta ishe shi, domin ya sami hanyar fansar gonarsa in Allah ya buɗa masa. In kuwa sayarwa ce, ka biya abin da ba za ka ji kunya a faɗa a gaban dattawa ba. Mai sayarwa da ya ce maka a yi shiru kada 'yan'uwansa su ji, ya riga ya gaya maka akwai ƙura a gindin maganar. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Saboda haka muna kira ga dattawa da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa, duk inda suka ji ana shirin cinikin gona a cikin jama'arsu, su tambaya ko magada sun sani, ko maƙwabta sun sani, ko mai unguwa ya sani. Tambaya uku ce kawai, amma tana iya tsare zumuncin gida har tsara mai zuwa. Allah ya ba ƙasarmu salama, ya mai da kowa gonarsa lafiya, amin.