Kamfanin da kake bi bashi ya karye: ko sai da lauya za ka nemi haƙƙinka?

Ɗan kasuwa ya kai wa kamfani siminti ko shinkafa bashi, sai ya wayi gari ya ji kotu ta ce kamfanin ya gaza biyan basussukansa. Da yawa nan suke yanke ƙauna, suna ganin kuɗin ɗaukar lauya, wato aboka, zai cinye abin da suke bi. To amma mai bin bashi yana iya gabatar da bashinsa da kansa. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne wucewar wa'adi da rashin takarda.

A Nijar ana aiki ne da dokar OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka 17 masu dokar kasuwanci ɗaya. An sabunta dokar karyewar kamfanoni a shekarar 2015. A Yamai kotun kasuwanci ce ke duba irin wannan shari'a. Inda babu ita, babbar kotun yankin ce ke riƙe aikin.

Da zarar kotu ta buɗe shari'ar, takan naɗa mutum biyu: alƙali mai sa ido, da wakilin da ake kira sindik, wanda ke tattara sunayen masu bin bashi da lissafin dukiyar kamfanin. Daga ranar, ba ka da damar kai ƙarar kamfanin kai kaɗai don ya biya ka, balle ka sa a kama kayansa. Kowa layi ɗaya zai bi.

Ana buga sanarwar hukuncin sau biyu a jaridar da ke ɗauke da sanarwowin shari'a. Kana da kwana 60 daga bugu na biyu ka kai wa sindik takardarka. Wanda ke zaune wajen ƙasa, kamar ɗan kasuwar Katsina ko Kano mai hulɗa da Maraɗi, kwana 90 gare shi. Kada ka zauna jiran a kira ka. Ka je ofishin magatakardan kotu ka tambayi sunan sindik da ranar da aka buga sanarwar.

A cikin takardar ka rubuta nawa kake bi har zuwa ranar hukuncin, da dalilin bashin, da ko akwai jingina a hannunka. Ka haɗa da faktir, takardar karɓar kaya, yarjejeniya, cek ɗin da ya dawo ba kuɗi, duk dai abin da ke shaida. Kuma kada ka baro wurin sai an ba ka resi, domin shi ne hujjarka cewa ka kai kan lokaci.

In wa'adi ya wuce fa? Kana iya roƙon alƙali mai sa ido ya karɓe ka, amma sai ka nuna jinkirin ba laifinka ba ne, kuma tun ba a rufe jerin basussukan ba. Haka in sindik ya musanta bashinka, zai rubuto maka. Ka amsa cikin lokacin da aka ba ka, don shiru tamkar yarda ne da abin da ya ce.

A sani kuma, shiga jeri ba ya nufin za a biya ka duka. Kuɗin shari'a, albashin ma'aikata da masu jingina suna gaba. Mai bashin da ba jingina, abin da ya saura ake raba musu gwargwadon bashin kowa.

In kuɗin da yawa, ko rigima ta tashi kan jingina, gara a nemi lauya. A kotun ƙoli ta OHADA da ke Abijan ma dole ne sai da shi. Marasa ƙarfi na iya neman shawara kyauta a hukumar ANAJJ, mai taimakon jama'a kan harkar shari'a.

Ƴan kasuwarmu sun saba ba da kaya kan amana da baki. Daga yau, duk kayan da ya fita bashi, a rubuta, a sa hannu, a adana.