Zumunta a Matsayin Garkuwar Al'umma: Misali Daga Ƙasar Ungogo

Gabatarwa

Hausawa kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan maƙala za ta duba yadda tsagewar zumunta ke buɗe ƙofa ga tsattsauran ra'ayi, da kuma al'adun da manoman ƙasar Ungogo, arewa da birnin Kano, suka gada don ɗinke ta.

Darasin 'Yan Awaki

A watan Disamba na 1980 rikicin Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, ya ɓarke a unguwar 'Yan Awaki. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu ya ƙiyasta cewa mutum 4,177 suka halaka. Wutar ta sake tashi a Bulunkutu a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985. Abin lura shi ne, da yawa daga mabiyansa gardawa ne da 'yan ci-rani waɗanda suka baro ƙauyukansu. A birni ba su da mai masauki, ba su da babban da zai tsawata musu. Wanda ya ba su tuwo da makwanci, shi ya mallaki tunaninsu.

Ginshiƙai Uku

Ƙasar Ungogo tana cikin karkarar da gidaje da gonaki suka yi kusa da juna ƙwarai, don haka zaman cuɗanya ya zama dole.

Na farko shi ne gayya. Idan noma ya fi ƙarfin magidanci, sai ya gayyaci samarin gari su taya shi, ya ciyar da su. Wanda ya yi wa maƙwabcinsa huɗa jiya, da wuya ya ɗauke shi abokin gaba yau.

Na biyu shi ne barkwanci, kamar na taubasai, ko na Kanawa da Zage-zagi, ko na Fulani da Barebari. Wannan wasa yakan mai da bambanci abin raha, har a faɗa wa mutum aibinsa ba tare da rai ya ɓaci ba.

Na uku shi ne tsarin saukar baƙo. Bisa al'ada, mai masauki kan kai baƙonsa gaban mai unguwa, daga nan labari ya kai ga dagaci da hakimi. Haka kuma almajiri yana da uwar ɗaki da ke sane da cinsa da halinsa.

Kammalawa

A yau birni ya malalo cikin Rijiyar Zaki da Bachirawa, gonaki sun koma filayen gini, maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba. Irin wannan yanayi ne ya yi wa Maitatsine rana. Ƙarfin hukuma yakan kashe wuta bayan ta kama. Hana ta kamawa kuwa aikin unguwa ne, inda kowane yaro ke da wanda ya san shi, yake kuma jin nauyinsa. Zumunta dai a ƙafa take.