Wankan Tsarki da Ruwan Sanyi a Hunturu: Sauƙin da Shari'a Ta Tanada

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa daga Sahara, babu sa'ar da ta fi asuba sanyi. A wannan sa'ar ce magidanci ko ɗalibi kan farka da wankan wajibi a kansa, ladan na kiran salla, ga ruwan da ya kwana a randa ko tanki ya yi sanyi ƙarara. Da yawa sukan cije su sheƙa shi a jiki lokaci guda, suna ganin wahalar ƙarin lada ce. Ga matashi mai ƙoshin lafiya, abin kan tsaya ga karkarwa. Ga wasu kuwa, yana iya kaiwa ga asibiti.

Masana aikin jiki, irin su Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth a Ingila, sun daɗe suna nazarin razanar da jiki ke yi idan ruwan sanyi ya rufe fata ba zato, musamman wanda ya gaza digiri 15 a ma'aunin Salshiyos. Mutum yakan ja wani dogon numfashi ba da son ransa ba, sannan ya shiga haki. Jijiyoyin jinin da ke kusa da fata sukan tsuke, bugun zuciya ya ƙaru, hawan jini ya ɗaga. Abin ya fi tsanani a daƙiƙa 30 na farko, kuma yakan lafa cikin minti 1 zuwa 3. Idan ruwan ya rufe fuska, wani saƙon yakan umarci zuciya ta sassauta a daidai lokacin da na farko ke ingiza ta, sai bugunta ya iya rikicewa. Wannan jan numfashin ne ke sa wanda ya faɗa kogi ko kududdufi mai sanyi ya shaƙi ruwa ya nutse, ko da gwanin iyo ne.

Haɗarin ya fi kusa da tsofaffi da masu hawan jini da masu ciwon zuciya. Sanyi yana tayar wa mai asma ciwonsa, haka kuma yana cikin sanannun abubuwan da ke tayar da ciwon amosanin jini, wato sikila, cutar da Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da ita. Ƙananan yara kuma jikinsu na saurin zubar da ɗumi.

Shari'a ba ta bar mai irin wannan hali cikin ƙunci ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa a yaƙin Zatus Salasil, shekara ta 8 bayan Hijira, Amru ɗan Asi (Allah Ya yarda da shi) ya yi mafarki a wani dare mai tsananin sanyi. Ya ji tsoron halaka idan ya yi wanka, sai ya yi taimama ya ja jama'a sallar Asuba. Da Manzon Allah (Sallallahu alaihi wa sallam) ya tambaye shi, sai ya kafa hujja da aya ta 29 a Suratun Nisa'i, wadda ta hana mutum kashe kansa. Annabi ya yi dariya, bai ce masa komai ba, malamai kuma suka ɗauki wannan shirun a matsayin tabbatarwa. A wata ruwayar ta Abu Dawud daga Jabir, an hana wani mai rauni a ka yin taimama, ya yi wanka ya rasu, Annabi kuwa ya yi wa waɗanda suka ba shi wannan fatawa faɗa mai tsanani.

A kan haka littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, kamar Muhtasar na Shaihu Halil, suka halatta taimama ga wanda ya ji tsoron kamuwa da cuta, ko ƙaruwarta, ko jinkirin warkewa. Ana gane wannan tsoron ta abin da mutum ya jarraba a jikinsa ko ta bakin likita masani. Ƙyuya da ƙin sanyi kawai ba uzuri ba ne. Wanda zai iya ɗumama ruwa, ɗumamawar ce a kansa, domin wuta ba ta raba ruwa da tsarkinsa. Wanda kuma ya yi taimama, da zarar uzurin ya gushe sai ya yi wankansa.

Wasu kan kawo hadisin Muslim da ya ambaci falalar cika alwala a lokacin da ake jin wuyarta. Hadisin ingantacce ne, amma yana magana ne a kan wahalar da ta sami bawa ya jure, ba wadda ya nemo wa kansa ba, balle wadda za ta cutar da shi.

Saboda haka shirin wankan asuba daga dare yake farawa. A tafasa ruwa a zuba a fulas, da safe a surka. A yi wanka inda iska ba ta bugawa, a fara da hannuwa da alwala kamar yadda sunna ta koyar, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, sannan a goge jiki a rufa da wuri. Kada a shigar da kaskon gawayi banɗaki ko ɗaki a rufe ƙofa, domin yana fitar da iskar guba marar wari mai kisa. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashinsa ya sarƙe, ya dakata a garzaya da shi asibiti.

Wannan nauyi yana kan mai gida game da iyalinsa da tsofaffin da ke hannunsa, yana kuma kan malamin tsangaya da shugaban makarantar kwana game da yaran da aka ba su amana. Yaron da ya balaga jiya sau da yawa kunya kan hana shi neman ruwan zafi, don haka a koya masa hukuncin tun kafin ya buƙata, a kuma ajiye masa ruwan.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya karɓi ibadunmu.