Daga Rukunin Waƙa zuwa Teburin Hira: Waiwaye a kan Sana'ar Adrienne Bailon

Gabatarwa

A masana'antar nishaɗi ta Amurka akwai wani tsari na haɗa 'yan mata uku ko huɗu a rukuni guda, a raɗa musu suna, a zaɓa musu sutura da salon rawa, sannan a fitar da su kasuwa. Tsarin ya daɗe, domin tun a shekarun 1960 kamfanin Motown ya yi fice da rukunin The Supremes. Irin waɗannan rukunoni ba su cika yin tsawon rai ba, kuma idan sun watse akan bar kowace mawaƙiya da neman abin da za ta riƙe. Wannan maƙala ta bibiyi sana'ar Adrienne Bailon, wadda ta yi waƙa a rukunoni biyu, ta fito a finafinai, daga bisani ta zama mai gabatar da shiri a talabijin. Abin da ake son nunawa shi ne, sunan rukuni da waƙoƙinsa na masu jari ne, kuma abin da mawaƙiyar ta iya fita da shi ta gina wata sana'a a kansa shi ne sanin da jama'a suka yi wa fuskarta da kuma iya maganarta.

Rukuni na Farko

An haifi Bailon a birnin New York a shekarar 1983, ta kuma tashi a unguwar Lower East Side ta Manhattan. Mahaifinta ɗan asalin Ekwado ne, mahaifiyarta kuwa 'yar asalin Puerto Rico. A coci ta koyi waƙa, kamar yadda da yawa daga cikin mawaƙan salon R&B suka koya. A 1999, tana da kimanin shekara goma sha shida, aka haɗa ta da Kiely Williams da Naturi Naughton a rukunin 3LW, sunan da aka taƙaita daga wata jimlar Ingilishi mai nufin ƙananan mata uku. Kundin waƙoƙinsu na farko ya fito a ƙarshen shekarar 2000 ƙarƙashin kamfanin Epic, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya.

Yana da kyau a bambanta wannan tsari da wanda aka sani a waƙar baka ta Hausa. A can akwai jagora da 'yan amshi, kowa ya san matsayinsa, kuma sunan jagoran ne sunan ƙungiyar. Rukunin 'yan mata na Amurka kuwa ana tallata shi ne a matsayin taron ƙawaye masu daraja ɗaya, alhali a ɗakin ɗaukar sauti dole wata ta ja baiti mafi tsawo, wata ta tsaya a tsakiya idan an zo ɗaukar hoto. Wannan giɓi tsakanin abin da ake nuna wa masu saye da abin da ke gudana a bayan fage shi ne yakan zama tushen rikici. A 3LW an sami ƙarin wani dalili, domin 'yan'uwan Kiely Williams ne ke kula da harkokin rukunin. A 2002, gab da fitowar kundi na biyu, Naughton ta fice cikin saɓani, kowane ɓangare ya ba da nasa labarin a kafafen watsa labarai. Kundin bai yi kasuwa kamar na farko ba. An ɗauko Jessica Benson ta maye gurbi, aka shirya wani sabon kundi, amma bai taɓa fitowa ba.

Rukunin da Ya Fito daga Cikin Fim

A nan ne sana'ar ta yi wata kwana da ta cancanci a tsaya a kanta. A 2003 tashar Disney Channel ta fitar da fim ɗin The Cheetah Girls, wanda aka gina a kan jerin littattafan matasa na marubuciya Deborah Gregory. Mawaƙiya Whitney Houston na cikin waɗanda suka shirya shi, tare da Debra Martin Chase. Labarin wasu 'yan makaranta huɗu ne a Manhattan masu burin zama taurarin waƙa. Raven-Symoné ce ta ja ragama, Bailon ta fito a matsayin Chanel, Williams a matsayin Aqua, sai Sabrina Bryan a matsayin Dorinda.

Jigon fim ɗin ya taɓo ainihin matsalar da ake magana a kai. A cikin labarin, wani mai shirya waƙa ya yi wa 'yan matan tayin ɗaukaka bisa sharaɗin su ajiye waƙoƙinsu, su rufe fuskokinsu, su riƙa motsa baki kawai a kan waƙar da aka riga aka naɗa. Wannan tayi ne ya raba kansu kafin su sake haɗuwa. Wato kamfani mai jari ya shirya fim da ke sukar mayar da mawaƙa haja, fim ɗin kuma ya zama haja mai riba: faifan waƙoƙinsa ya haura kwafi miliyan biyu. Ganin haka sai Disney ta mayar da ƙirƙirarren rukunin na gaske. Bailon da Williams da Bryan suka shiga yawon wasa a biranen Amurka da sunan da aka aro daga littafi, suka fitar da kundin Kirsimeti a 2005 da wani mai suna TCG a 2007. Raven-Symoné, wadda ke da nata shirin da nata sunan tun tana ƙarama, ba ta shiga wannan rukuni na zahiri ba.

An yi fim na biyu a 2006, labarinsa a Barcelona, sai na uku a 2008 wanda aka ɗauka a Indiya, inda 'yan matan suka je neman fitowa a fim ɗin Indiya mai rawa da waƙa. Mai kallon da ya tashi da finafinan Indiya a Kano ko Zariya zai ga yadda Disney ta kwaikwayi rawar taro da sauyin sutura, sai dai ta tsaya a kan ado. A ƙarshen wannan shekara rukunin ya watse. Bailon na da shekara ashirin da biyar, ta yi kusan shekara goma tana waƙa, amma babu kundi ko ɗaya mai ɗauke da sunanta ita kaɗai.

Wasan kwaikwayon da ta yi a wajen wannan jeri ba shi da yawa. Ta fito a Coach Carter na 2005 tare da Samuel L. Jackson a ƙaramin matsayi, ta kuma riƙa fitowa jefi-jefi a shirin That's So Raven a matsayin Alana, abokiyar hamayyar tauraruwar shirin. Ta sa hannu a kwantiragi da kamfanin Def Jam domin yin kundin kanta, shi ma bai fito ba.

Teburin Hira

Tsakanin waƙa da gabatar da shiri akwai wata gada, wato shirye-shiryen da ke bin rayuwar mutane da kyamara. Bailon ta fito a Keeping Up with the Kardashians lokacin da take tare da Rob Kardashian, sannan a 2012 ta yi Empire Girls tare da Julissa Bermudez. A waɗannan shirye-shirye ba Chanel ake kallo ba, ita kanta ake kallo, ko kuma siffar kanta da ta yarda a gani.

A 2013 aka gwada shirin The Real na 'yan makonni a wasu tashoshin Fox, a 2014 kuma ya fara fita a faɗin ƙasar. Tsarinsa irin na The View ne wanda Barbara Walters ta assasa a 1997: mata sun kewaye tebur suna tattauna al'amuran yau da kullum. Bambancinsa shi ne babu farar fata ko ɗaya cikin masu gabatarwa biyar na farko, wato Tamar Braxton da Tamera Mowry da Loni Love da Jeannie Mai da Bailon, kuma an fi nufin matasan mata da shi. Idan aka lura, teburin ma wani rukuni ne. Ana buƙatar mutum ya san lokacin da zai karɓi magana da lokacin da zai bar wa na kusa da shi, ya yi fice ba tare da ya danne sauran ba. Horon da ta samu a rukunoni biyu ya yi mata rana a nan. Har ciwon rukuni bai bar shirin ba, domin Braxton ta rabu da shi a 2016 cikin ce-ce-ku-ce.

Abin da ya sauya shi ne mallakar abin sayarwa. A rukunin waƙa wani ne ke rubuta baitin, a tebur kuwa jarin mai gabatarwa shi ne labarin rayuwarta. Bailon ta yi magana a kan soyayyarta da ta gabata, da aurenta da mawaƙin coci Israel Houghton a birnin Paris a 2016, da daɗewar da ta yi tana neman haihuwa. Ta kuma taɓa bayyana a shirin cewa tsoron faɗuwa na cikin abin da ya hana ta fitar da kundin kanta. Wannan 'yanci ne, amma yana da tsada, domin sirrin da aka faɗa sau ɗaya a gaban kyamara ba ya komawa sirri, kuma shirin da ke fita kwana biyar a mako kullum yana neman sabo. A 2018 ita da abokan aikinta uku suka sami lambar yabo ta Daytime Emmy ta masu gabatar da shirin hira na nishaɗi. Shirin ya tsaya a 2022 bayan zango takwas, ta koma E! News tare da Justin Sylvester, ta bar shi a 2023.

Waƙar ba ta ɓace gaba ɗaya ba. A 2017 ta fitar da New Tradiciones, kundin Kirsimeti cikin Ingilishi da Sifaniyanci, wanda shi ne na farko da sunanta, shekara goma sha bakwai bayan kundin farko na 3LW. A 2019 kuma ta shiga gasar The Masked Singer, inda mawaƙi ke rufe jikinsa da fuskarsa baki ɗaya, alƙalai da masu kallo su yi hukunci da murya kaɗai. Ta yi wasa cikin shigar tsuntsun filamingo, ta zo ta uku. Rufe fuskar da Chanel da ƙawayenta suka ɗauka cin mutunci a fim ɗin 2003 shi ne sharaɗin da Bailon ta amince da shi a 2019, kuma a ƙarƙashinsa ne ta yi makonni tana waƙa ita kaɗai a gaban miliyoyin masu kallo.